Jaririn da ke Jefar da Ludayi

Makon nan Edita ya miƙo mini wata takarda da wani akawu ya aiko daga Gusau, ya ce in duba in amsa a wannan fili. Na karanta ta sau biyu. Karon farko na yi dariya. Karo na biyu dariyar ta tsaya, don akwai wani layi a ƙarshenta wanda mai takardar ya rubuta kamar abin banza, ni kuwa shi ya hana ni barci. Za mu zo kansa. Bari mu fara da abin da ya kawo ƙara a kai.

Ya ce yana da yaro ɗan wata 10, ɗan fari ne kuwa, sabo da haka bai faɗi sunansa ba, mu ma ba mu tambaya ba. Yaron nan, in ji shi, ya zama fitina a gida. In an ba shi ludayi sai ya jefar, in an ɗauko an miƙa masa ya sake jefarwa, har sau goma, yana dariya. In an aje akushi ya tsoma hannu ya dama tuwon ya shafe fuska. Ya yaga masa takardar ofis guda, ya zare masa alƙalami daga aljihu ya kai baki. Kakar yaron ta ce a ƙyale shi. Shi kuwa Malam Akawu yana ganin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, sai ya ke tambaya ko ya fara ɗan buge masa hannu don ya san hani.

To, Malam Akawu, amsata a taƙaice ita ce kada ka buge shi, gaskiya tana wajen kakarsa. Amma na san mai ilmi ba ya karɓar magana sai da dalili, sabo da haka ka yi haƙuri in ja zancen kaɗan.

Ni dai na daɗe ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin in aje alli. Kowace shekara in sababbin yara sun zo, ranar da aka fara raba musu fensir na kan ga abin mamaki. Wani ya riƙe shi da yatsu uku sakwa-sakwa, kamar da shi aka haife shi. Wani kuwa ya dunƙule shi cikin tafi kamar mai tuƙa tuwo da muciya, in zai ja layi ɗaya sai kafaɗarsa duka ta motsa, harshe waje, kafin ya cika layi uku ya gaji ya fara hawaye. A lokacin ina tsammani wancan haziƙi ne, wannan kuwa malalaci, har na kan sa rula in ƙwanƙwashi bayan yatsun malalacin. Allah ya yafe mini. Sai da na yi shekaru kana na lura, 'yan matan da suka saba carabke da ɓarar gyaɗa da tsince tsakuwa cikin shinkafa, da yaran da ke ƙera motar kara da shanun yumɓu, su ne hannunsu ya fi saurin karɓar rubutu, ko da wajen haddace karatu ba su fi sauran ba. Ashe wanda na ke bugu ba ƙiwuya ya ke yi ba, hannunsa ne bai sami aiki ba tun yana ƙarami. Aikin nan kuwa a kan tabarma a ke fara shi, tun yaro bai iya cewa baba ba.

Ku dubi hannunku, ya 'yan'uwa. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙashi 27. Takwas daga cikinsu, na wuyan hannu, ranar da aka haifi jariri ba su zama ƙashi ba tukuna, guringuntsi ne, sai a hankali su ke ƙarfafa cikin shekaru. Naman da ke lanƙwasa yatsu da ƙarfi ba a cikin yatsun ya ke ba, yana can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, yana jan su da jijiyoyi kamar yadda mahayi ke jan linzami. Mahayin kuwa ƙwaƙwalwa ce, ita ke aiko da umurni ta cikin laka. A jikin sabon haihuwa wannan hanya ba ta gama ginuwa ba. Shi ya sa in ka sa masa yatsa a tafi ya kan damƙe shi gam, har uwa ta yi murna ta ce ya san ta. Wannan damƙa ba da nufi ya ke yin ta ba, kamar ƙiftawar ido ce, kuma ba shi da ikon saki. Ta kan fara raguwa wajen wata 3, kafin wata 6 ta ɓace, sa'an nan kamu na ganin dama ya maye gurbinta. Ikon jiki kuma daga sama ya ke saukowa: wuya ya fara tsayawa, sa'an nan kafaɗa, sa'an nan gwiwar hannu da wuyan hannu, yatsu su ne 'yan auta.

A shekarar 1931 wani masani a Amurka mai suna Halverson, wanda ke aiki tare da Likita Arnold Gesell a Jami'ar Yale, ya ɗauki hoton majigi na jarirai tun daga 'yan wata 4 har zuwa 'yan shekara guda, ana aje musu ɗan guntun katako mai faɗin inci ɗaya a gabansu. Ya zauna yana duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ya ga ɗan wata 4 zuba wa katakon ido ya ke yi, hannu na rawa, bai kai gare shi ba. Ɗan wata 5 ya kan taɓa shi, ya jawo shi ya matse. Ɗan wata 7 ya rufe shi da tafi duka. Wajen wata 8 zuwa 9 babban yatsa ya fara zagayowa yana fuskantar sauran, har a cika shekara yaro ya ɗauki katakon da kan yatsu kaɗai, tafi bai taɓa shi ba.

Ku da ke da jarirai a gida kuna iya ganin wannan ba sai da majigi ba. Ɗan wata 3 ya kan kwanta rigingine ya ɗaga hannuwansa yana kallonsu kamar baƙi, ya haɗa su a ƙirji, ya raba. Wajen wata 6 ko 7 ya kan sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan. Wajen wata 9 ko 10 sai ka ga ya hangi ƙwayar shinkafa guda a kan tabarma, wadda kai ba ka ma gani ba, ya sa babban yatsa da manuniya ya tsince ta. Ku riƙe wannan kamu da kyau, gama shi ne kamun alƙalami, shi ne kamun allurar mai ɗinkin hula, shi ne murza mazari, shi ne jan carbi. Amma kada wani ya ɗauki watannin nan kamar ranar biyan albashi, da za a ce in ta wuce da kwana ɗaya an yi zalunci. Wani yaron ya kan rigaya da wata guda ko biyu, wani ya makara, duk lafiya. Bakwaini kuwa daga lokacin da ya kamata a haife shi a ke fara yi masa lissafi.

Yanzu ga maganar jifar ludayi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne saki ya fi kamu wuya. Naman da ke rufe yatsu dabam, wanda ke buɗe su dabam, kuma na buɗewan shi ne ya kan makara wajen jin umurni. Ɗan wata 6 in ya riƙe abu ba ya rabuwa da shi sai ya suɓuce masa, ko ya ga wani abin ya manta da na farko. Sai wajen wata 9 zuwa shekara ya ke gano cewa in ya ga dama yatsunsa za su buɗe, abin ya faɗi. Wannan kuwa babban labari ne a gare shi. Dole ya maimaita, ya sake maimaitawa. Kai, Malam Akawu, lokacin da ka ke koyon rubutu, sau nawa ka wanke allo ka sake? Wa ya ce maka kana ɓarnar tawada?

Akwai wani masani na ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, wanda ya zauna ya rubuta abin da 'ya'yansa uku ke yi tun daga haihuwa, ya fitar da shi a littafi a 1936. A ciki ya ba da labarin ɗansa yana ɗan wata 10, daidai da naka, yana sakin abubuwa, yanzu daga gaba, an jima daga gefe, yana bin kowanne da ido ya ga inda zai sauka. Yaron yana gwada hannunsa, yana kuma gwada duniya: ludayi ƙara ya ke yi in ya faɗi, ƙyalle ba ya yi, lemo ya kan gangara, abin da ya shige ƙarƙashin gado bai ɓace ba yana nan. In ɗauke-ɗauken ya ishe ku, ku sauko da shi ƙasa, ku aje masa ƙwarya a gaba ya riƙa jefawa ciki yana fitarwa. Ku kuma yi wasan "ba ni, ungo": ka miƙa tafi ka ce ba ni, in ya saki a hannunka ka gode masa, ka mayar masa ka ce ungo. Ranar da ya fara sakar maka abu a tafi da gangan, ka sani ya ci wata jarrabawa.

Kai alƙalami baki ma yana da dalili. A 1937 wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Wilder Penfield, da abokin aikinsa Boldrey, suka bayyana abin da suka gani wajen yi wa masu farfaɗiya aiki. Su kan taɓa wuri-wuri a kan ƙwaƙwalwa da ɗan ƙaramin lantarki, majinyacin yana farke, su ga wace gaɓa ta motsa ko ta ji. Suka tarar ba daidai aka raba wa gaɓoɓi fili ba. Baya da cinya, duk girmansu, ɗan wuri kaɗan suka samu, hannu da leɓe da harshe kuwa suka kwashe gona mai faɗi. To, jariri leɓensa da harshensa sun riga yatsunsa ƙwarewa, tun da da su ya fara neman abinci ran da ya zo duniya. In yana son ya san abu, taushi gare shi ko tauri, sanyi ko ɗumi, sai hannu ya ɗauko ya kai wa baki ya karanta masa.

Na san wani malami zai ce, ai duk wannan halitta ce, ko an yi wasa da yaro ko ba a yi ba, lokaci ya yi zai kama. Shi kansa Gesell ra'ayinsa ya karkata can. Gaskiya ne jerin ba ya sauyawa, ba yaron da ke tsintar shinkafa kafin ya iya damƙa, da rarrafe yaro kan tashi. Amma abin da a ke yi da yaro yana da tasiri. Wani masani mai suna Charles Super ya zauna cikin ƙabilar Kipsigis a ƙasar Kenya, ya fitar da bincikensa a 1976. Ya ga iyayen can su kan koya wa jarirai zama da tafiya da gangan, su tokare su da ƙyallaye kamar yadda matanmu ke yi, kuma jariran sun riga na Amurka zama da tafiya da kimanin wata guda. Rarrafe kuwa, da ba a koya musu, ba su riga kowa ba. Zama da wuri ba ƙaramin abu ba ne ga zancenmu, don sai yaro ya zauna daram hannuwansa biyu ke samun 'yancin aiki.

Hakanan a 2002 wata masaniya, Amy Needham, da abokan aikinta a Jami'ar Duke ta Amurka, suka sa wa jarirai 'yan wata 3 safar hannu mai maƙale abu, suka aje musu 'yan kayan wasa masu maƙalewa, minti 10 kowace rana har kamar mako biyu. Jaririn da bai isa kamu ba, da ya kai hannu sai abin ya biyo shi. Bayan haka aka ga waɗannan sun fi tsaransu duban abubuwa da taɓa su da kai su baki. Waɗansu masana da suka sake gwadawa daga baya ba su sami sakamako mai ƙarfin wannan ba, sabo da haka ban ce kowa ya tafi neman safa ba. Abin da ni na ɗauka a ciki shi ne, yaron da ya miƙa hannu ya sami wani abu zai sake miƙawa. Ku auna da kanku abin da zai koya in duk ya miƙa sai ya ji zafi.

Akwai wata magana da na san ba za ta yi wa iyayenmu mata daɗi ba, ita ce ta goyo. Ni ba maƙiyin goyo ba ne, a baya na girma. Yaro a bayan uwarsa yana cikin ɗumi, yana nesa da murhu da kofaton akuya, yana jin maganarta, yana ganin mutane. Amma ku dubi hannuwansa: sau da yawa suna ƙarƙashin zane, an ɗaure da majanyi, ƙirjinsa manne da bayanta. In ya yini a haka, yaushe ya ga tafinsa? A cikin shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 game da yara 'yan ƙasa da shekara 5, an ce kada a bar ƙaramin yaro a ɗaure wuri ɗaya fiye da sa'a guda a jere, ko a keken turawa, ko a kujera, ko a goye, an ambaci goyon da sunansa. An kuma ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a yini yana rub da ciki, a rarraba, idonsa biyu, ana kallonsa. Barci dai rigingine za a kwantar da shi. Rub da cikin nan shi ke sa ya dogara a kan hannuwa, kafaɗa ta yi ƙarfi, tafi ya buɗe. Na san macen da ke daka da ɗebo ruwa da girki ba ta da agogo a hannu tana ƙirga sa'a. Abin da na ke roƙo kaɗan ne: in ta zauna tsince wake ko kitso, ta kwance shi ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ita.

Mu maza ma da laifinmu. Mu kan dawo daga ofis ko makaranta mu zauna da jarida, mu ce reno aikin mata ne, in ɗan fari ne kuma mu fake da kunya. Kunya abu ne mai kyau, ban ce ka ɗauke shi gaban mahaifanka kana yi masa rawa ba. Amma a turakarka wa zai gan ka? Minti 15 bayan la'asar, kai da shi da ƙwarya da ludayi, ya isa. Sai dai kada ka miƙa masa wayar hannu don ya yi shiru, kamar yadda na ga samarin iyaye na yi yanzu. A kan gilashin waya, ɗan zaki da mota da ƙwallo duk santsinsu ɗaya, ba nauyi, ba gefe, ba abin juyawa, yatsa guda ke shafawa sauran tara suna zaman banza. Shawarar nan ta 2019 ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban irin wannan kallo, ɗan shekara 2 kuwa kada ya wuce sa'a guda a yini.

Kayan wasa ba sai na kanti ba. Ɗakin girki cike ya ke da su: ludayi, murfin tukunya, faifai, ƙaramar ƙwarya da za ta shiga cikin babba, gwangwanin da ba shi da kaifi, lemo guda, ƙyalle mai tsabta, caki wanda aka toshe bakinsa da kyau. Likita Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a wata unguwar matalauta ta birnin Rum a 1907, abin da ta sa yara yi kafin rubutu shi ne zuba hatsi da ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da ɓalla maɓalli, da ɗaure igiya. Yau masu kuɗi na biyan maƙudai don a koya wa 'ya'yansu wannan, alhali kakar yaronka ta san shi kyauta. Akushin tuwon ma makaranta ce. Daga wata 6 a ke fara ba yaro abinci tare da nono, wajen wata 8 kuwa yawancinsu sun isa su ɗauki abu mai laushi da kansu, kamar ayaba, ko dafaffen dankali, ko kabewa, ko 'yar lomar tuwo. A wanke masa hannu da sabulu, a zaunar da shi, a zauna tare da shi, a bar shi ya ɓata fuska. Ruwa na wanke tuwo. In ya kai wata 15 za ka ga ya ɗora gwangwani kan gwangwani, in ya sami gawayi ya zana maka bango, wajen shekara 2 ya jera shida ba su zube ba.

Amma fa barin yaro ya taɓa ba sakaci ba ne. Tun da kome baki za shi, aikinku shi ne ku zaɓi abin da hannun zai tarar. Gyaɗa, aya, tsabar kuɗi, maɓalli, duwatsun wuya, duk abin da zai shige bakinsa gaba ɗaya yana iya toshe masa numfashi. Ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, na agogo da na fitilar wasa, ya fi su duka mugunta, don in ya maƙale a maƙoshi ya kan ƙone shi cikin sa'a biyu, sai a garzaya asibiti ko da yaron bai nuna ciwo ba. Ga kananzir da a ke zubawa a kwalbar lemo, ga tukunyar ruwan zafi, ga bokiti cike da ruwa a tsakar gida. Kai kuma da ka rubuto daga Gusau ba sai na tuna maka 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta sauka a ƙasa, jarirai suka yi rarrafe a kai suka kai hannu baki, kamar yadda kowane jariri a duniya ke yi. Maganin da aka yi shi ne kankare ƙasar gidajen da fitar da niƙan bayan gari, ba wanda ya ce a ɗaure hannun yara. Wani kwallin ma da a ke sa wa jarirai akwai dalma cikinsa, su murza ido su tsotsi yatsa, gara a bar shi. Takardun ofis kuwa, Malam, ka ɗora su bisa kabad. In ya ɗauki abin da bai kamata ba, ka ce a'a, ka karɓa, ka ba shi wani a madadinsa. Ɗan wata 10 ba ya haɗa zafin bugu da darajar takarda.

To, yanzu ga layin da ya hana ni barci. A ƙarshen takardar ya ce: af, na manta, yaron da hagu kaɗai ya ke ɗaukan kome, kakarsa ta ce bahago ne kamar kawunsa, yaushe za a fara gyara shi?

A nan kam ban bi bayan kakarsa ba. Gaskiya ne kusan mutum ɗaya cikin 10 bahago ne, kuma ba cuta ba ce. Amma jariri ba ya zaɓen hannu da wuri haka. Kafin shekara guda da hannu biyu ya ke aiki, wanda ya fi kusa da abin shi ya ke miƙawa, zaɓen ba ya tabbata sai wajen shekara 2 zuwa 3. Likitocin yara sun ce in jaririn da bai cika shekara ba ya dage kan hannu ɗaya, ba ya amfani da ɗayan, a kai shi a duba. Mai yiwuwa ne ba kome. Mai yiwuwa ne kuma ɗayan hannun ne ke da rauni, sabo da wani abu da ya sami ƙwaƙwalwa kafin haihuwa ko lokacinta, ko jijiyar kafaɗa da ta jawu wajen haihuwa mai wuya.

Ba a littafi kaɗai na san wannan ba. Ina da ɗa wajen ƙanwata, tun yana ɗan wata 7 da hagu ya ke kai wa kome, dama kuwa tana dunƙule, babban yatsa a ciki. Aka kawo mini maganar, tun da ni ne mai ilmin boko a gidan. Na yi dariya na ce bahago ne, zai gyaru in ya girma. Sai da ya fara tafiya, ya makara ƙwarai, muka ga yana jan ƙafar dama, sa'an nan aka kai shi asibiti, yana neman shekara 3. Likitan bai yi mini faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi, ya ce tun yaushe kuka ga hannun a dunƙule? Na rasa bakin amsawa. Ya ce da an zo tun a lokacin, da an fara motsa hannun tun ƙwaƙwalwar tana ɗanya, bai ce da ya warke sarai ba, amma da ya fi haka amfani. Yaron yanzu magidanci ne, yana kasuwancinsa, Allah ya rufa masa asiri. Sai dai duk ran da na ga yana ɓalla maɓallin riga da hannu ɗaya, yana taimakawa da haƙori, na kan tuna dariyata.

Sabo da haka, Malam Akawu, yau in ka koma gida ka zaunar da shi a kan tabarma. Ka kawo ludayin ta gefen damarsa, ka ga ko zai miƙo dama ko zai juyo da jiki ya ɗauka da hagu. Ka dafa hagun a hankali ka sake miƙa masa. Ka ba shi ƙwarya babba wadda ba ta ɗaukuwa sai da hannu biyu. Ka dubi tafin damar in yana wasa, a buɗe ya ke ko a dunƙule, babban yatsa waje ko ciki. Ka lura ko yana tafi, ko yana sauya abu hannu zuwa hannu, in kuma yana rarrafe ko gefe ɗaya ya ke ja. Ko me ka gani, tun da ka ce hagu kaɗai, ka kai shi wurin likitan yara cikin makon nan, ka faɗa masa yadda ka faɗa mini. In an sami rauni za a tura ku wurin masu gashin ƙashi, kuma za ka yi mamaki, don yawancin maganin wasa ne, irin wanda ka kawo ƙara a kansa: su kan tsare hannu mai lafiya na ɗan lokaci, su ba mai raunin abin kamawa da saki. Kada ku ɗaure masa hannu a gida da kanku, wannan da ƙa'idarsa, sai yadda suka nuna muku.

In kuwa likita ya duba ya ce hannu biyun lafiya lau, daga baya yaron ya tashi bahago na gaske, to, alhamdu lillahi. Ci da dama ladabi ne da addini ya koya mana, a koya masa da lallashi in ya fara jin magana, ba da bulala ba. Rubutu kuwa a bar shi da hannun da ya fi masa sauƙi. Na koyar da bahagwai da dama, waɗanda aka bari da hagunsu rubutunsu bai kasa na kowa ba.

Ka rubuto mana abin da ka gani da abin da likita ya ce, Edita zai miƙo mini. Ka gai da kakar yaron, ka ce mata ta ci rabin shari'a. Haza wassalam.

Naku,
Tsohon Malami